Samun Damar Jawabi a Tarukan 'Yan Kasuwa

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ba sa rabuwa da neman mai jawabi, domin kusan kowacce tana da zaman wata-wata ko babban taron shekara. A Kano akwai cibiyar KACCIMA, mai shirya bajekolin ƙasa da ƙasa a filin da ke titin Gidan Zoo, Kaduna kuma tana da takwararta KADCCIMA. Sai ƙungiyoyin kasuwanni irin su Kantin Kwari, Singa da Dawanau, da kuma rassan Rotary, ƙungiyar da aka kafa a Shikago a 1905, inda aka saba gayyato baƙo ya yi magana a zaman membobi.

Ba kasafai ake miƙa wa wanda ba a sani ba makirufo. Akanta, lauya ko mai ba da shawara kan sana'a da ke son a ji shi sai ya fara da yin rajista, ya biya kuɗin ƙungiya, ya riƙa zuwa zama har a saba da fuskarsa. Mutane da yawa shugaba suke bi, alhali sakatare ne ke tsara ajanda. Shi ake kai wa takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana maudu'in da amfaninsa ga membobi.

Wurin zaɓen maudu'i aka fi tuntuɓe. Wanda ya bar rumfa a hannun yaron shago bai zo sauraron tallar kowa ba. Abin da ke zaunar da shi shi ne damuwar da ya baro a kasuwa: rajistar sunan kasuwanci a CAC, lambar NAFDAC ga mai sarrafa kayan abinci, dokokin harajin da suka fara aiki a Janairun 2026, gane alat na bogi kafin a saki kaya, ko rubuta bashi yadda ba zai ɓata zumunci ba. Minti goma sha biyar da Hausa mai sauƙi sun wadatar, a bar sauran lokacin ga tambayoyi, a kuma kammala kafin kiran sallah, don da wuya zaure ya sake cika bayanta.

Jawabin farko yawanci kyauta ne. Sai dai babban ɗan kasuwa kan kasance memba a ƙungiya fiye da ɗaya, ta bakinsa gayyata ta biyu ke zuwa. Maganar biyan kuɗi takan taso ne idan banki ko kamfani ya ɗauki nauyin taron, kuma tun kafin a buga katin gayyata ake yin ta.