Ginin sabon ɗaki

A ƙasar Kurfai, wajen Filinge, in saurayi ya isa aure, sai a ƙara mishi ɗaki cikin gidan ubanshi.

Ana aikin bayan kaka. Maza suna haƙo laka a bakin tabki. Mata suna jawo ruwa a rijiya. Yara suna tattaka laka da ciyawa, don kada tubali ya tsage. In tubali ya bushe, sai a kira gayya. Magini ya tada bango, a jera azara, a yi rufi, a sa indararo.

Tilas a gama kafin damana. Ruwan sama yana narkar da ɗanyen gini.

Tambayoyi
1. Don mi ake gini da rani?
2. Wane aiki yara suke yi?