Wace Koma Ta Dace da Mai Kamun Kifi da Ƙugiya?

Tambayarmu ta fito daga wani mai sauraro a Yawuri, jihar Kebbi. Yana son sanin irin komar da zai saya don tsamo kifin da ƙugiyarsa ta kama.

To Malam, mun gode. Abin dubawa na farko shi ne kifin da kake nema. Karfasa ba ta buƙatar babbar koma, amma tarwaɗa ko giwan ruwa sai mai faɗin baki da zurfin ciki, yadda kifi zai nutse gaba ɗaya. Mai zama cikin kwalekwale gajeren mariƙi ya ishe shi, na bakin gaɓa kuwa sai dogo.

Sai idon raga, wanda a ganina ya fi komai. Ƙayar kurungu tana sarƙewa cikin siririn zare, wajen cirowa ta soke hannu, don haka nemi zare mai kauri. Ƙaramin ido kuma yana sa koma nauyi cikin ruwa mai gudu. Don Allah kada a ɗinka ta da gidan sauro, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

In ka tashi ɗauka, nutsar da komar tukuna, ka jawo kifin ta kansa. Bayan aiki a wanke, a shanya a inuwa, domin rana tana cinye zaren.