Darasi na Bakwai: Bagaruwa a Maganin Gargajiya na Hausa

7.1 Gabatarwa

Kowace al'umma da abin da ke kusa da ita take magani. Mutanen gaɓar tekun Turai sun daɗe suna magance maƙoƙo da wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa, tun kafin Bernard Courtois na Faransa ya gano sinadarin aidin a cikin tokar irin wannan ciyawa a shekarar 1811. Bahaushe ba shi da teku, saboda haka ya dogara ga itatuwan dajinsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce bagaruwa.

7.2 Sunanta da Siffarta

Bagaruwa itaciya ce mai ƙaya da fure rawaya, wadda ke son fadama da bakin rafi. Wasu Hausawa kan ce gabaruwa, wato an sami musayar gurbi tsakanin /b/ da /g/, kamar yadda ake samu a hawainiya da wahainiya. Ɗalibin da ya fito daga Gyallesu ya shiga kasuwar Tudun Wada zai iya ganin busassun 'ya'yanta a shimfiɗar masu saiwoyi.

7.3 Amfaninta

Akan jiƙa 'ya'yan ko a dafa su a sha domin gudawa da atuni. Akan kuskure baki da ruwansu idan dasashi na zubar da jini. Haka kuma akan daka su a barbaɗa garin a kan gyambo, ko a zauna cikin ruwan domin basir. Sirrin duk wannan shi ne baurinta, wanda sinadarin tanin ke haddasawa. Tanin yana ɗaure nama ya tsane danshi, shi ya sa majema ke jeme fata da ita.

7.4 Hattara

Maganin gargajiya ba shi da tsayayyen ma'auni, kuma yawan shan bagaruwa na iya wahalar da ciki da hanta. Bugu da ƙari, abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, bagaruwa kuwa ba ta mayar da ruwa. Wajibi ne malamin da zai koyar da wannan darasi ya nuna wa yara cewa ruwan gishiri da sukari ne farko, sannan asibiti.

7.5 Auna Fahimta

1. Me ya haɗa aikin majemi da na mai magani?
2. Kawo kalmomi uku masu musayar gurbi.