Gasa Tsire a Gida: Shawarwari ga Uwargida

Gasa nama a kan tsinke tsohuwar sana'a ce. Larabawa na ce wa gasasshen nama kabab, sunan ma ya fito a littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraq da aka rubuta a Bagadaza a ƙarni na 10. Turkawa suna da shish kebab, mutanen Iran da na Indiya kowa da irin nasa. Namu shi ne tsire, wanda mahautan Hausa suka kai kudancin Najeriya ake kiransa suya, suka kai Gana ake ce masa cicinga. Garin ƙuli-ƙuli ne ya raba shi da na sauran ƙasashe. Ana iya yin sa a gida ya yi daɗi, musamman da Babbar Sallah, in aka kiyaye waɗannan abubuwa.

1. Ki fara daga wurin mahauci. Ki gaya masa tsire za ki yi, ya ba ki tsoka marar jijiya, ta cinya ko ta gadon baya. A yanka fale-fale, wuƙa tana gitta zaren naman, domin shi ne ke sa ya taunu. Kada ki cire kitse duka. Mutanen Adana a Turkiyya da gangan suke cuɗa kitsen wutsiyar tunkiya cikin kabab ɗinsu, don naman da ba maiƙo bushewa yake yi a wuta. In naman layya ne, ki bar shi ya kwana a firij, domin nama kan sandare bayan yanka, sai daga baya ya saki.

2. In naman tsohon sa ne ko na tsohon rago, akwai dabarar da ta cancanci aro. A Iran ana jiƙa nama cikin ruwan albasa da kindirmo, a Lucknow ta Indiya kuma ana shafa masa markaɗaɗɗiyar ɗanyar gwanda. Duk muna da su a kasuwa. Kindirmo zai iya kwana da naman a firij. Gwanda kuwa ƙarfi gare ta, cokali ɗaya ya ishi kilo guda, kuma in ta daɗe a jiki naman dagargajewa zai yi.

3. A ganina nan ne tsiren gida ya fi lalacewa, wato wajen ƙuli. Ki nemi wanda ba sukari, wanda aka matse mansa sosai, ki daka ki tankaɗe. Ki haɗa da citta, barkono, masoro, kanumfari kaɗan, gishiri da ɗanɗano. Kimba tana da ɗaci, ɗan ƙwarya-ƙwarya za a sa. Ki shinshina ƙulin kafin ki saya: wanda ya yi warin ruma ko aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai cutar da hanta, kuma gashi ba ya kashe ta. Ki tsire naman tukuna, ki turmusa shi cikin garin, ki danna da tafin hannu, sannan ki yayyafa man gyaɗa. Ki ware wani yajin daban na ci, wanda bai taɓa ɗanyen nama ba.

4. Tsinken itace a jiƙa shi cikin ruwa rabin awa don kada ya ƙone.

5. Ki lura da tukubar mai tsire: tsinkayen a gefe yake kafa su, kewaye da wuta, zafi ne ke gasa su a hankali. Ke ma ki jira gawayi ya zama garwashi, toka ta rufe shi. Harshen wuta yana babbaka ƙulin ya yi baƙi alhali cikin naman ɗanye ne, kuma yawan cin ƙonannen nama ba shi da kyau ga lafiya. Kada ki hura wutar da leda ko roba ko kananzir, warinsu zai kama naman. Kada kuma a taɓa kunna gawayi cikin ɗaki ko rufaffen kicin, ko da ana sanyin hunturu. Yana fitar da iska marar wari da ke kashe mutum bai ankara ba.

6. Kaza da niƙaƙƙen nama sai sun nuna har ciki. Mai ma'aunin zafi ta duba: kaza digiri 74, niƙaƙƙen nama digiri 71. Wadda ba ta da shi ta tsaga ta gani, babu ja, babu ruwan jini. Farantin da ya ɗauki ɗanye kada ya karɓi gasasshe sai an wanke shi da sabulu.

7. A daina naɗe tsire a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. Maiƙo da zafi suna narkar da tawada ta shiga nama, shi ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya ta yi gargaɗi a kan haka a 2016. Ki zuba a faranti da albasa, tumatir da kabeji. Abin da ya rage ya shiga firij kafin awa biyu, in ana zafin bazara kuma kafin awa ɗaya. Yara ƙanana a zare musu naman daga tsinke kafin a miƙa musu.