Ɓarawo da rigar dogari

Mai karatu, in ka ɗauki salularka kana son ka duba labari ko farashin kaya a intanet, akwai wata alama da kake taɓawa tukuna. Wasu suna taɓa Chrome, wasu Opera Mini, wasu Firefox. Wannan abu shi ake kira burauza. Shi ne ƙofar da kake bi ka shiga intanet, kuma ta nan ne abin da ke waje yake shigo maka.

Kai da ke Damagaram ka san sha'anin ƙofa. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa. Fatake in sun zo daga Agadas ko daga Kano, a Zango suke sauka, a san su, a san kayan da suka ɗauko. To amma a ce wani ɓarawo ya samu jan rawani da riga irin ta dogarin sarki ya saka. Wa zai tsai da shi? Ai hanya ma za a ba shi.

Wannan dabara ce ɓarayin intanet suka ɗauka. Sukan ƙera muguwar manhaja, su sa mata sunan Chrome, su manna mata hotonsa mai launin ja da rawaya da kore, har ɗigon shuɗin da ke tsakiya. Suna da hoto ba su da wuyar kwaikwaya, ko yaro ma yana iyawa.

Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2016 wani kamfanin tsaron na'ura na Amurka mai suna Zscaler ya gano wani fayil da ake kira Update_chrome.apk. Wanda ya saka shi yana zaton ya sabunta burauzarsa ne. Da shigarsa sai ya roƙi a ba shi ikon shugabancin salular, daga nan ya riƙa karanta saƙonni, yana duba wa ya kira wa, yana aikawa da su can wajen iyayen gidansa. Har shafin ƙarya yake buɗewa ya ce a rubuta lambar katin banki. A 2024 kuma kamfanin ThreatFabric na ƙasar Holan ya gano wata da aka raɗa wa suna Brokewell. Ita ma da rigar sabunta Chrome take zuwa, amma ta fi ta farko sharri. Duk abin da ka taɓa, duk abin da ka rubuta, tana gani, tana ɗaukar magana, kuma mai ita yana iya juya salularka daga nesa kamar tana hannunsa.

Kada ka ce kai talaka ne, ba ka da katin banki. Lambar sirri da ake turo maka ta saƙo in za ka karɓi kuɗi ko ka aika, ba ta cikin salular nan take bi ba? Jika biyar ɗin da ɗanka ya turo daga Libiya ai ita ce cefanen gidan.

Ta ina take shigowa? Yawanci kai ne kake buɗe mata da hannunka. Kana cikin kallon wani shafi sai rubutu ya faɗo, sau da yawa da Faransanci, "Mise à jour", wai burauzarka ta tsufa, maza ka danna nan. Wani lokaci har salular ta yi rawa don ta tsorata ka. To ka ji da kyau: Chrome na gaskiya a salula ba ya sabuntuwa ta hanyar shafin da ka tarar a kan hanya. Ta Play Store yake sabuntuwa. Hanya ta biyu ita ce turawa daga salula zuwa salula da Xender ko ta WhatsApp, ko wajen masu tura waƙa da fim a kasuwa. Ba a ce mai turawa mugu ne ba. Shi ma wani ya tura mishi, bai san abin da ke cikin buhun ba. An san mega tana da tsada, shi ya sa ake haka, amma ni dai a ganina ka karɓi waƙa da wa'azi ta nan in kana so, ban da burauza.

Yanzu batun nauyi. Mutane da yawa da salula ta fara jan ƙafa sai su ce cuta ta shiga. Ba kullum ba. Ƙaramar salula mai ƙwaƙwalwar aiki giga 1 ko 2, in ka buɗe shafi talatin ba ka rufe ko ɗaya ba, dole ta yi nishi kamar jakin da aka labta wa kaya. Haka in hotuna da bidiyo sun cika ta, ko reso ya yi rauni, ko zafin bazara ya dafa ta, ko batir ya tsufa. Amma akwai alamun da ya kamata su tayar maka da hankali. Salula tana aljihu ba ka taɓa ta ba, ga ta da zafi. Ka sayi mega da dare, da safe babu. Kiredi yana raguwa ba ka kira kowa ba. Talla tana faɗowa alhali burauza a rufe take. Ko kuma ka ga Chrome guda biyu, ɗaya kusa da ɗaya. Dalilin nauyin shi ne baƙon yana aiki a ɓoye da ƙarfin na'urarka. Tsakanin 2017 da 2019 an yi wani tsari mai suna Coinhive, wanda wasu suka riƙa ɓoyewa cikin shafuka, na'urar mai kallo tana haƙa musu kuɗin intanet, shi kuwa sai dai ya ji tana zafi.

In kwamfuta kake aiki da ita, a lakwal ko a ofis, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Za ka ga chrome.exe jere, goma ko fiye. Kada ka firgita, haka Google ya yi shi tun fitowarsa a 2008, yana rarraba aikin shafuka. Abin dubawa shi ne mazauninsa. Danna shi da maɓallin dama, ka ce a nuna maka inda fayil ɗin yake. Na gaskiya yana cikin jakar Application, a cikin Chrome, a cikin Google. In ka same shi a jakar Temp ko wani lungu dabam, ko an rubuta sunan da harafi ɗaya a karkace, kira wanda ya san aikin.

A salula kuwa, in ka kama baƙon, fara cire mishi ikon shugabanci a cikin Paramètres, wajen tsaro, sannan ka goge shi. In ya ƙi fita, kwashe hotunanka da lambobin mutane, a mai da salular yadda ta fito daga kamfani. Bayan nan ka sauya lambobin sirrinka duka, na kuɗi da farko.

Kafin darasi na gaba, buɗe Play Store, ka taɓa hotonka da ke sama, ka shiga Play Protect, ka sa shi ya bincika. Sannan ka ƙirga burauza nawa ke cikin salularka, ka rubuta sunayensu a littafinka, kowace da inda ka samo ta, ka zo da shi aji.