Kunun Zaƙina Yana Kumfa, Ya Zama Giya Ne?

Tambaya: Anti, amarya ce ni a Tozai. Kunun zaƙina ba ya tsinkewa, in kuma ya kwana sai gora ta kumbura. Ina tsoron ko ya zama giya.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Rashin tsinkewar daga gaggawa ne. In kin raba ƙullun gero biyu, kin sheƙa tafasasshen ruwa a babban kason, bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, sannan ki zuba ɗanyen kason mai tsiron shinkafa ko busasshen dankali. Tsiron ko dankalin ne ke narka kaurin ya mai da shi zaƙi, zafi mai yawa kuwa kashe ƙarfinsa yake yi.

Tsoronki kuma yana da tushe. Tsamin kwana ɗaya irin na nono ne, ba ya bugarwa. Amma a zafin Afrilu na ƙasarku ta Illela, da ke haura digiri 40, kunu mai sukari cikin rufaffiyar gora yana saurin juyawa. In haɗin ya kwana ki tace da asuba, sukari sai za a sha, ki dama na yini ɗaya kawai. Wanda ya yi kumfa yana warin tsami mai hawa kai, zubar da shi. Gorunan kuma a wanke su da ruwan zafi.