Shawara Ba Iri Ɗaya Ba Ce

A ƙauyukan Birnin Gwari, da zarar idon mutum ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, sai a ce shawara ce, a shiga neman sassaƙe. Amma a ilimin halittu shawara alama ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro da sikila kan kawo ta, haka kuma ƙwayoyin cuta biyar masu kumbura hanta, waɗanda aka laƙaba wa haruffan A, B, C, D da E.

A da E ta baki suke shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Sun fi samun gindin zama inda jama'a suka cunkushe babu rijiya mai tsabta, kamar sansanin masu haƙar zinariya a daji, ko matsugunin waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. Sukan kwantar da mutum makonni, sannan galibi ya warke. Sai dai E mugu ne ga mai juna biyu, kamar yadda annobar Diffa ta 2017 ta nuna.

B da C kuwa ta jini suke bi: allurar da aka maimaita, ko askar wanzami wajen kaciya, ƙaho da cire belu. B yakan bi ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Mugun halinsu shi ne shiru. Mutum zai shekara ashirin yana noma garau, idonsa fari tas, alhali hantarsa tana ƙanƙancewa, har ta kai ga ciwon daji. Cin masara ko gyaɗa mai fumfuna yana ƙara wa mai B wannan haɗari. Binciken ƙasa na 2018 ya gano B a jikin kusan 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64. D ɗan rakiya ne. Ba ya rayuwa sai a jikin mai B.

Abin lura shi ne shekarun kamuwa. Baligin da ya kamu da B yawanci jikinsa kan kore shi, amma jarirai 9 cikin 10 da shi za su girma. Shi ya sa tun 2004 Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin na yara, kuma ana son allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya ga wadda ta haihu a bakin dajin Kamuku. C, wanda aka gano a 1989, ba shi da rigakafi, amma magani na sha na mako 12 kan warkar da shi. Gwajin jini kaɗai ke bambance su.